'Yan Kunne Arba'in Marasa Baya

Da sanyin safiyar wata Talata a watan Yuni, farkon hunturu a ƙasarmu, ina tsaye ina jiran buta ta tafasa, na ji wata 'yar ƙara daga kan kantar aikina, ƙas, kamar an taka ƙwayar sukari. Duk wanda ya shekara talatin yana narka gilashi a kan jan ƙarfe ya san wannan ƙara, kuma ba ya fatan jin ta. Tun kafin in juya na san abin da ya faru. Saiti ɗaya na ajiye wa kaina daga cikin 'yan kunnen da na yi don Ranar Uwa, shuɗaye masu ɗigon ruwan ƙwai, to ɗaya daga ciki ne ya tsage daga sama har ƙasa, shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Sauran saiti arba'in suna can rataye a kunnuwan matan da ban taɓa gani ba, daga Arica a can arewa har Punta Arenas a ƙarshen kudu.

Sunana Nolfa Arancibia, kuma laifin nawa ne. Na faɗa tun yanzu, saboda daga baya an yi ta ƙoƙarin ƙwace mini shi, ni kuwa na ƙi saki.

Ga yadda aikin yake. Za ka yanka jan ƙarfe, ka wanke shi tas, ka barbaɗa masa garin gilashi da 'yar rariya, ka sa a tanderu minti biyu har garin ya narke ya kwanta. In sun fito suna hucewa, ƙarfen yana tsukewa da sauri, gilashin yana jan ƙafa, kowa na ja ta wajensa. In fuska ɗaya kaɗai ka yi wa, wannan ja-in-ja ba ya ƙarewa. Ko yau, ko bayan wata biyu ranar da sanyi ya kama, gilashin zai sallama. Shi ya sa ake yi wa baya nasa gilashin, don ƙarfen ya rasa ta inda zai lanƙwasa. Ba wanda ke ɓarnar launi mai tsada a baya. Abin da ya zube a kan tebur muke sharewa mu tara a kwalba, ja da kore da shuɗi duk a cakuɗe, in ya fito daga wuta launinsa kamar ƙasan tukunya. Wannan shi ne darasin ranar farko, kuma na koya wa mutum ya fi ashirin shi da bakina.

Mu huɗu ne a shagonmu, shagon da ba shi da ƙofa, a intanet yake. Hannu Takwas muka sa masa suna. Aliro maƙerin azurfa ne, shi ya haɗa mu lokacin annoba, shi ke riƙe da mabuɗin shafin, shi ke ɗaukar hoto. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya koya mini amsa saƙo a waya ba tare da na goge shi ba. Baldomero baduku ne, yana ɗinka jaka da bel, mutumin da ra'ayinsa kullum shi ne na wanda ya yi magana ƙarshe. Sai Uberlinda, mai saƙa furanni da tsuntsaye da gashin wutsiyar doki. Ita comadre ɗina ce, ita ta riƙe 'yata a coci ranar baftisma. Mijinta Floridor yana kwance shekara huɗu da shanyewar ɓarin jiki, don haka a gidanta muke haɗuwa duk Alhamis da yamma mu sha shayi da burodi, abin da muke kira once, mu raba aiki.

Kafin shagon, shekara ashirin ina da tebur a kasuwar bakin tashar jirgin ruwa. Tsakanin ƙofata a kan tudun Cerro Cordillera da titi akwai matakala ɗari da sittin, gwiwoyina kuma suka ce sun gama wannan aiki. Na miƙa teburin ga wata, wurin kuwa in ka bar shi ka bar shi ke nan. Tun daga ranar, da shafin nan nake ci. In aka cire ni daga kansa, ba ni da inda zan ajiye ko ɗan kunne ɗaya a gaban idon mai saye.

Dokokinmu biyu ne. Ba mai rubuta komai a shafin sai an yarda ranar Alhamis, kuma ba a fitar da kowa sai sauran ukun duk sun ɗaga hannu. Ta biyun ba ta taɓa damuna ba, tunda ɗaya daga cikin hannuwan ukun na Uberlinda ne.

A watan Afrilu ne Aliro ya ɗauki wani ɗan kunnena yana juya shi a gaban fitilar hoto, yana yamutsa fuska.

"Doña Nolfa, gaban kam sai dai a yi shiru a kalla. Amma wannan bayan fa? Mutane suna tambayata ko ƙonewa ya yi."

"Wa ke kallon bayan ɗan kunne? Wuyan mai shi?"

"Masu saye ta waya suna kallo. Ba sa iya taɓawa, sai su ce a juya musu. In na juya sai in ji shiru." Ya miƙo mini wayarsa. Kayan wasu 'yan mata ne a Santiago, bayansu fes, yana ɗaukar ido.

"Wannan ai roba ce aka zuba, ba ta taɓa ganin wuta ba."

"Na sani. Amma dubi yawan waɗanda suka saya. Ki bar bayan haka nan, ki goge ƙarfen ya yi ƙyalli. Sau ɗaya kawai, don Ranar Uwa."

"Zai tsage."

"Tabbas tabbas?"

A nan ya kama ni. Ba kullum ne yake tsagewa ba. In ƙarfen yana da kauri, ko an lanƙwasa shi kamar cokali, yakan jure. Na ce wa kaina nawa yana da kauri, alhali yatsuna sun san ba shi da shi. Gaskiyar magana, na gaji da ganin kayan yaran da na girme wa iyayensu suna ƙyalli a gefen nawa, kuma aikin ya ragu da rabi. Na yi su, cikin kwana tara suka ƙare ƙaf. Aliro ya sayo kek, na ci yanka biyu ina ta washe baki.

Washegarin ranar da nawa ya tsage, saƙo ya shigo shafin daga wata mata a Punta Arenas, da hoto. Nata duka biyun sun tafi. Ranar Alhamis na sa tsagaggen ɗan kunnena a aljihu, na sayi burodin marraqueta da fiya, na gangara gidan Uberlinda.

Ban jira an zuba shayi ba, na ajiye shi a tsakiyar tebur.

"Na ga saƙon," in ji Aliro. "Kada ki tada hankalinki. Za mu ce masu kai kaya ne suka jefar da kwalin, mu aika mata wani. Duk wadda ta yi magana, mu rufe mata baki da sabo."

"Wannan ma masu kai kaya ne suka shigo ɗakina suka jefar da shi? A kan kanta yake tun watan Mayu."

"To, biyu ke nan cikin arba'in."

"Arba'in ne cikin arba'in, Aliro. Sanyi bai ma gama shigowa ba. Ina so a rubuta a shafin yau: duk wadda ta sayi shuɗin ɗan kunnen Nolfa ta dawo da shi, Nolfa ba ta yi masa baya ba. In mayar da su wuta, tsagar ta haɗe, in yi musu abin da ya kamata in yi tun farko."

Baldomero ya daina tauna. "Wannan magana ce," ya ce.

"A shafin wa?" in ji Aliro. "Sunanki kaɗai ne a kai? Shekara huɗu muna tara taurari biyar ɗin nan na yabon masu saye. Mutum in ya karanta cewa kayanmu suna fashewa, ba zai tsaya tambayar na waye ba. Azurfata, jakar Baldomero, tsuntsayen Uberlinda, duk sun zama masu fashewa."

"Wannan ma magana ce," in ji Baldomero, ya ci gaba da tauna.

"Gilashi ne fa," na ce. "In ya ɓalle, kaifinsa ya fi reza. Akwai masu goyo a cikin matan nan, kun san abin da jariri ke fara kamawa."

"Haba, doña Nolfa, kada ki mayar da shi tashin duniya. Ɗan kunne ne."

"Ɗan kunnena ne."

Na dubi Uberlinda. Tana ta faman mitsitsike fiya a faranti da cokali mai yatsu, fiyar da ta riga ta yi laushi tun tuni.

"Comadre, ke ba ki da baki ne yau?"

"Ni dai ina ganin a bi a hankali," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wataƙila sauran ba za su tsage ba."

"Ke ma? Ke da kika zauna a gefen tanderuna shekara talatin kina shan ɗumi?"

Aka ce ba za a rubuta komai ba, uku da ɗaya. Na shanye shayina, na leƙa na gai da Floridor, na hau gida raina a ɓace.

Dokar ta ce ba mai rubutu a shafin. Ba ta ce komai a kan wayata ba. Ni nake ɗaure kayana, ni nake rubuta adireshi, kuma kowane rasit na masu kai kaya yana da lambar wayar mai karɓa. Suna nan soke a jikin wata ƙusa bayan ƙofa. Na zare su na ƙirga, talatin da bakwai. Sauran ukun waɗanda suka haɗa da kayan wasu ne, aka ɗaure su a gidan Uberlinda. Na kira ta na ce ta duba mini rasit uku.

"Af, ai Aliro ya kwashe su tun tuni," ta ce da sauri, ta ce Floridor na kiranta.

Ranar Juma'a da safe na sa tabarau, na fara da Punta Arenas. Matar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To me ya sa ba ki yi musu bayan ba?" Na ce son ƙyalli da ganda. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce tun da take ba a taɓa ba ta amsa irin wannan ba. Ranar Litinin nata suka iso mini.

Ba duka ne suka yi dariya ba. Wani mai haƙar ma'adinai a Calama, da ya saya wa mahaifiyarsa, ya katse ni tun ban kai rabi ba.

"Tsaya, tsaya, señora. Na san irinku. Yanzu za ki ce in karanto miki lambar katina ko?"

"Ni ba na son katinka, ɗan kunnen tsohuwarka nake so."

"Au, ɗan kunnen ma za ki karɓe? Lallai kun ci gaba!"

Sai da na ce ya je ya juya ɗan kunnen ya gani, in ya ga ƙarfe tsirara to ni ce, sannan ya yarda.

Wata a Talca ta ce nata lafiya lau suke, kuma ba za ta ba da abin da 'yarta ta saya mata ba. Na ce ta sa su a firji na awa ɗaya ta fito da su, ta kira ni. Da la'asar ta kira, ta wanke ni tas, ta ce ni na sa ta fasa su da hannunta. Na bar ta ta gama, don tana da gaskiya, sannan na karanta mata adireshina.

Kowacce sai na gaya mata abu ɗaya kafin mu rabu: in sun dawo miki, bayan zai yi muni, kada ki ce ban faɗa ba. Kwana huɗu ina wannan kira. Muryata ta dushe, kunnena ya yi zafi. Ban taɓa jin kunya irin ta waɗannan kwanaki ba, kuma duk da haka kowace lamba na gama sai in ji numfashina ya ƙara sauka.

Ta ashirin da tara ita ta ɓallo ruwa. Wata ce a Las Condes, unguwar masu kuɗi a Santiago, mai magana ta hanci.

"Bari in fahimta. Kin san zai lalace, kika sayar mini?"

"Na sani, señora."

"Kuma shagon ya sani?"

"Ni nake kiranki, ba shagon ba."

"To shagon zai ji daga gare ni."

Kafin in gama kurɓar ruwa ta rubuta a shafin, tauraro ɗaya, da dogon bayani cewa mai yin kayan da bakinta ta amsa cewa da gangan ta sayar da abin da zai fashe. Ba ƙarya ta yi ba ko kalma ɗaya. Wasu biyu suka biyo bayanta. Aliro ya kira ni sau shida, na bar wayar tana ta tsalle a kan tebur, ni ina barbaɗa garin kwalba a bayan 'yan kunnen Punta Arenas.

Alhamis ta zagayo. Na sake sayen marraqueta da fiya kamar kullum, don ban ga dalilin da zai sa in je gidan mutane hannu biyu ba. Na tarar sun riga ni zama, an zuba shayi, ba mai sha. A gefen farantina akwai takarda da biro.

"Zauna, doña Nolfa," in ji Aliro. Ya rame a mako ɗaya, na lura. "Ba zan yi faɗa ba. Abin da kika yi kin yi. Tun ranar Litinin ba wanda ya sayi ko maɓallin riga a shafin nan. Amma akwai gyara. Karanta."

Na karanta. Wai sakamakon matsalar wutar lantarki, tanderun ɗaya daga cikin masu sana'armu ya sami tangarɗa, wasu 'yan kaya kaɗan suka fito da rauni, duk wanda ya ga tsaga ya tuntuɓi shago. A ƙasa an bar wurin sa hannuna.

"Za mu ɗora hotonta a shafin. Tangarɗar na'ura kowa yana yafewa. Ki sa hannu, ki daina kiran mutane, magana ta mutu."

"Tanderun nan ya girmi 'yata," na ce. "Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ni ma ba zan yi masa ba."

"Tanderu ne fa, ba zai kai ki ƙara ba!"

"Kuma 'kaɗan' ɗin nan fa? Wadda nata bai tsage ba tukuna za ta karanta ta ce ita ta tsira, ta ci gaba da sawa."

"Sai ta kira in ya tsage."

"In ya tsage a bakin ɗanta fa, kai za ka amsa wayar?"

Ya buga tebur har cokula suka yi ƙara. "Ke kaɗai ce mai gaskiya a Valparaíso? Ni na ce ki bar bayan, na yarda, ni na ce. Amma ke ce mai tanderun! Da kin ce a'a a watan Afrilu da duk ba mu zo nan ba. Yanzu kin ga dama kin zama waliyyiya, mu kuma mu biya!"

"Da na ce a'a, gaskiyarka. Ban ce ba. To yau ina cewa."

Baldomero ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi Aliro, ya rasa wanda ya yi magana ƙarshe, ya rufe.

Uberlinda ce ta turo mini biron da ɗan yatsa. "Comadre, don Allah. Takarda ce kawai. Ki sa hannu mu sha shayi."

"Ke kika saƙa ta?"

"Kwana uku ban sayar da ko tsuntsu ɗaya ba, Nolfa. Kin san ranar da maganin Floridor ke ƙarewa, ke kike raka ni saye."

Wannan ta shige ni. Na san ranar, na san kantin, na san yadda take tsayawa a gaban kanta tana murza jakarta. Na dubi biron. Da a ce sunana kawai ake so a kan wata wauta, da na sa don ita, na rantse. Amma akwai mata uku da ban samu ba tukuna, da wasu da na samu ba su aiko ba, takardar nan kuwa cewa take yi su kwantar da hankalinsu. Na mayar mata da biron gefen kofinta.

"Ba zan sa ba."

Aliro ya ja dogon numfashi. "To shi ke nan. Kun san doka. Wanda ya yarda doña Nolfa ta fita daga shagon nan ya ɗaga hannu."

Ya ɗaga nasa. Baldomero ya ɗaga nasa da gutsuren burodi a ciki, idonsa a kan silin. Ni ko gezau ban yi ba, har na miƙa hannu na ɗauki kofina. Uberlinda ta juya ta dubi ƙofar ɗakin Floridor, wadda kullum ake bari a ɗan buɗe. Sannan ta ɗaga hannunta. Bai wuce kafaɗa ba, amma Aliro ya ƙirga shi.

Ya yi mini ciwo. Ba na Aliro ba, ba na shagon ba ma a lokacin, wannan ɗan hannun mai kantar allura, wanda ya riƙe kan 'yata aka zuba mata ruwa. Na ji hawaye yana tahowa, na kurɓi shayi mai zafi na tura shi ya koma.

Aliro ya ɗauki wayarsa, a gabana ya shiga goge hotunana. Ashirin da uku ne, aikin shekara huɗu. Bai kai minti biyu ba ya gama.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Lambobin mata ukun nan da aka haɗa kayansu da naku."

"Masu sayen shago na shago ne, doña Nolfa. Ke kuma yanzu..." Bai ƙarasa ba.

"Na ji. Sai ku nemi sabon suna, hannu shida ya rage muku." Na miƙe, na gyara mayafin wuyana. "Burodin na Floridor ne, Baldomero, ka rage masa."

Daga ƙofar Uberlinda zuwa tawa matakala arba'in ne, duk hawa. Na yi ashirin ba tsayawa don kada a gan ni ta taga ina haki. A ta ashirin da ɗaya gwiwata ta ƙi, na zauna a kan siminti mai sanyi. Rana na gangarawa teku, jiragen dakon kaya suna tsaye a ƙasa. Na zauna ina lissafin abin da ke gabana: saiti talatin da wani abu da zan mayar wuta, garin kwalbar da ba zai isa ba, da sababbin kaya cike da akwati waɗanda ba ni da inda zan nuna su. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Sai na ji ƙarar silifas a bayana, da haki ya fi nawa. Uberlinda ce, ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Ta tsaya matakala biyu ƙasa da ni, ta miƙo mini wasu takardu uku a ninke. Rasit ne.

"Kin ce Aliro ya kwashe."

"Na ce."

"Ashe suna wurinki duk makon nan."

"A gwangwanin biskit."

"Kuma kin ɗaga hannu."

"Na ɗaga. In aka sake tambaya gobe ma zan ɗaga, ina da majinyaci a ɗaki." Ta share hanci da bayan hannu. "Ki karɓa, ki daina yi mini wannan kallon. Ta tsakiyar tana da jariri, ta rubuta a saƙonta cewa kyautar haihuwa ce."

"Kika riƙe har kwana shida?"

"Ki kira ta, Nolfa, ki zage ni daga baya."

Ban ce mata na yafe ba, don ban yafe ba. Na karɓa, na lalubo tabarau, na buɗe ta tsakiyar. Yatsuna sun sandare da sanyi, sai da na danna lambar sau biyu. Uberlinda ba ta tafi ba, ta rungume hannuwanta tana rawar ɗari. Wayar ta yi ƙara sau huɗu, aka ɗauka, ina jin kukan yaro a kusa.

"Alo? Wa ke magana?"

"Señora Herminia Tapia? Kin karɓi wasu shuɗayen 'yan kunne a watan Mayu."

"E, suna ma kunnena yanzu. Daga shagon Hannu Takwas ne?"

"A'a, ba ni da shago," na ce. "Nolfa ce, wadda ta yi su. Ajiye yaron, ki cire su tukuna, sannan in gaya miki abin da na yi."